Sunan da Ya Ɓace daga Jerin 'Yan Wasa: Amanar Ɗalibi Mai Buga Ƙwallo

Jawabin da aka gabatar a taron malamai da iyayen yara na reshen Wudil

  

An nemi in yi magana a kan wasanni a makarantunmu. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan abu guda, wato ɗalibin da aka ɗauka makaranta saboda ƙafarsa, aka yi masa alkawarin karatu kyauta ko rangwamen kuɗi, sannan wata rana aka liƙa jerin 'yan wasa a allon sanarwa babu sunansa, kuma babu wanda ya ce uffan. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san irin labarin. A zangon farko yaron ne ake kira gaban taron safe a tafa masa. Kafin zango na uku ya ƙare, idan ka tambaya, sai a ce maka ya tafi. Ina ya tafi, me ya yi, wa ya yanke hukuncin, iyayensa sun sani? Sai kowa ya ɗaga kafaɗa.

Abin da zan kare a gabanku yau shi ne wannan: makaranta tana da ikon ta cire ɗan wasa idan ya saɓa wa ƙa'ida, har ma wajibi ne a kanta ta yi hakan, amma ba ta da ikon ta cire shi a ɓoye. Sharaɗi a rubuce tun ranar farko, dalili a bayyane ga yaron da iyayensa, da damar ya kare kansa, su ne ke bambanta tarbiyya da zalunci.

Maganar ta shafe mu a nan Wudil fiye da yadda wasu za su zata. Garinmu garin makarantu ne. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, ga Kwalejin Horar da 'Yan Sanda, ga makarantun sakandare na kwana da na jeka-ka-dawo. Ƙungiyar ƙwallon jami'ar tamu ta buga gasar manyan makarantu ta HiFL, wadda aka fara a 2018, da sunan KUST Pyramids. Tafiyar sa'a guda ba ta cika ba tsakaninmu da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ga kuma gasar matasa ta Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Muhammad. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a bakin kogi yana ganin tsani a gabansa, hawa-hawa, daga makaranta zuwa Pillars, daga Pillars zuwa Turai. Idan wani ya zo ya ce wa mahaifinsa, "Ba mu shi, za mu ɗauke maka kuɗin makaranta," da wuya uban ya tambayi takarda. Alkawarin baki ne, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ke tuna yadda aka yi shi.

Domin mu ga yadda al'amarin ke kasancewa idan ya girma, bari mu leƙa Amurka, ƙasar da ta fi kowace haɗa wasa da karatun jami'a. A can akwai hukumar da ake kira NCAA, wadda asalinta ya faro a 1906, ita ke kula da wasannin jami'o'i. Wasan da ya fi kawo musu kuɗi shi ne ƙwallonsu irin ta Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita. Shekaru da yawa an ƙayyade wa kowace babbar jami'a gurbi 85 na karatu kyauta a wannan wasa, gurbin da ya haɗa da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. 'Yan Nijeriya sun ci moriyar tsarin. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 zuwa Jami'ar Houston, ya zama gwarzon ƙwallon kwando na duniya. Christian Okoye ya tafi daga Inugu a matsayin mai wasan jifa, ya ƙare yana ɗaya daga cikin fitattun 'yan ƙwallon Amurka.

Sai dai tsarin yana da nasa tabon. A 1973 hukumar ta mayar da gurbin karatun na shekara guda-guda, ana sabunta shi idan jami'a ta ga dama. Abin da ya biyo baya shi ne, koci ya samu wuƙa da nama a hannunsa. Idan ya hango yaron da ya fi wanda yake da shi, sai ya nemi hanyar da na farkon zai tattara kayansa da kansa. An shafe kusan shekara arba'in a haka kafin a sake halatta gurbi na shekaru da yawa a wajen 2012, kuma sai a 2015 manyan rukunonin jami'o'i biyar suka amince cewa ba za a ƙwace gurbin ɗalibi don kawai wasansa ya ja baya ba. Duk da haka, tun kafin wannan gyara, akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, idan jami'a ba za ta sabunta gurbin ba, dole ta sanar da ɗalibin a rubuce kafin ranar 1 ga Yuli. Na biyu, dole ta ba shi damar ɗaukaka ƙara a gaban kwamitin da ba na sashen wasanni ba. Shi ma ɗalibin an ɗora masa nauyi: kafin ya shiga shekara ta uku sai ya kammala kashi 40 cikin 100 na darussan digirinsa, in ba haka ba ba zai buga wasa ba, kuma an ƙayyade sa'o'in atisaye da wasa kada su wuce 20 a mako a lokacin gasa. Dalilin wannan tsanani a fili yake, domin ƙididdigar hukumar da kanta ta nuna cewa waɗanda ke samun shiga ƙwallon sana'a ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran duk da takardar shaidar karatu za su ci abinci.

Ko a can ɗin, sunaye suna ɓacewa. Sau da yawa abin da jama'a ke ji kawai shi ne, an sallami wane saboda ya karya dokar ƙungiya, ba tare da an faɗi wace doka ba. Jami'o'in kan kafa hujja da wata dokar ƙasa ta 1974 da ta hana bayyana bayanan karatun ɗalibi ba da izininsa ba. A nan ne darasin yake, jama'a. Akwai sirri, akwai kuma rufa-rufa. Sirri shi ne a ɓoye laifin yaro daga idon 'yan kallo don a kare mutuncinsa, alhali shi da iyayensa sun san komai. Rufa-rufa kuwa ita ce a ɓoye dalilin daga yaron da iyayensa don a kare wani babba. Na farkon aikin malami ne na gari. Na biyun cin amana ne, ko da an yi shi da murmushi.

Mu dawo gida. Idan sunan ɗalibi ya ɓace daga jerin 'yan wasa a ƙasar nan, galibi ta ɗaya daga ƙofofi huɗu ya fita, kuma kowace ƙofa tana da babban da shirun ke yi wa amfani.

Ƙofa ta farko ita ce ta shekaru. Wannan tsohon ciwo ne. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa har shekara biyu, ta kuma ƙwace mata damar ɗaukar nauyin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da suka je Olamfik ta 1988. A 2009, shekarar da muka karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Kano na cikin garuruwan da aka buga ta, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI, inda ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a ga ko ya gama haɗewa. A watan Agusta na 2016, ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar a wasan neman gurbin gasar Afirka, 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin duniya sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ta rasa gurbi a hannun Nijar, ita kuwa Nijar ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. An yi ta maganar kunyar da ƙasa ta sha. Su kuwa samarin 26 sun koma garuruwansu. Wanda ya ƙi gaskiya a cikinsu, ba shi kaɗai ya ƙi ta ba, domin yaro ba ya buga wa kansa hatimi a takardar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru. Wanda kuma ƙashinsa ne kawai ya yi saurin haɗewa, ya ɗauki tabon da bai cancanta ba, don gwajin kimantawa yake yi, ba ya karanta ranar haihuwa. Abin da zai iya wanke mai gaskiya shi ne rajistar makaranta, wadda ta nuna ranar da aka shigar da shi aji ɗaya na firamare da shekarunsa a lokacin. Wannan rajista a hannunmu take. Duk malamin da ya yarda aka rubuta sunan sojan haya a matsayin ɗalibi don makaranta ta ɗauki kofi, ko ya rage wa yaro shekara biyu a takarda, ya zubar da darajar shaidar da wata rana ɗansa zai buƙata.

Ƙofa ta biyu ita ce ta dillalai. Mutum ya zo da babbar mota da hotunan filayen Turai a waya, ya ce akwai gwaji a wata ƙasa, a kawo kuɗin biza da na jirgi. A sayar da gona ko shanu a kasuwar Juma'a, yaro ya bar aji biyar na sakandare saura shekara guda ya rubuta WAEC da NECO. Ya kamata kowane malamin wasanni ya san sashe na 19 na dokokin FIFA a kan sauya sheƙar 'yan wasa, wanda ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa da kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan wasa. Idan doka ta sa wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa ya jira, wane ne wannan da zai ce zai kai ɗan shekara 15 Turai a wata mai zuwa? Duk lokacin da makaranta ta rubuta "ya tafi" ta rufe littafi, ta share wa dillalin hanya zuwa gida na gaba.

Ƙofa ta uku ita ce ta rauni. Gwiwa ta goce a wasan makaranta, a filin makaranta, cikin rigar makaranta. A kai yaro wurin mai ɗori, a ba iyayensa abin da ya sawwaƙa, sannan a zango mai zuwa ma'aji ya aiko da takardar neman cikakken kuɗi. Ba a kore shi ba, an dai bar shi ya kori kansa. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kowace muni a wurina, domin a nan yaron bai yi laifin komai ba face ya yi abin da aka ɗauke shi ya yi.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta laifin yaron kansa, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Akwai ɗan wasan da yabo ya shiga kansa, ya daina shiga aji, ya raina malamai, ya shiga shaye-shaye ko faɗan daba. Mu ne muke ɓata irin wannan yaro idan muna ɗaga masa ƙafa saboda wasan kusa da na ƙarshe yana tafe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga an yafe masa fashin aji sau goma saboda yana cin ƙwallo ya koyi cewa doka ta marasa baiwa ce, kuma sauran ɗalibai ɗari da ke kallo sun koyi darasi iri ɗaya. Sai ranar da aka fitar da makaranta daga gasa, a tuna da laifuffukansa duka a sallame shi. Ya kamata hukuncin ya zo tun a laifi na farko, daidai da girman laifin, ko da kuwa za a rasa kofi. Hukuncin da ya jira sai amfanin yaro ya ƙare, yaron ma ya san ba don gyaransa aka yi ba.

Wani zai ce, ai makaranta ba kotu ba ce, ba za mu tara lauyoyi don an cire yaro daga ƙungiyar ƙwallo ba. To, bari in tuna mana wata shari'a da ta faru a Arewacin nan. A watan Fabrairu na 1983 ɗalibai sun yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ɓarna, aka kori wasu daga cikinsu. Suka kai ƙara, da marigayi Gani Fawehinmi a matsayin lauyansu. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Daga cikin dalilanta akwai cewa ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma wanda ya shugabanci kwamitin bincike, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Kotun ba ta ce tarzoma daidai ce ba. Cewa ta yi, wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a kan laifin. Wannan ƙa'ida tana nan a sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Idan ta hau kan jami'a, babu dalilin da zai sa kocin da ya yi cacar baki da yaro da safe ya zama shi ne zai goge sunansa da yamma. Mu da muka san zafin a wayi gari sunan mutum ya faɗi daga takardar albashi ba tare da bayani ba, mu ne ya fi kamata mu ƙi yi wa ɗalibi irin wannan.

Saboda haka ina ba da shawarwari biyar, waɗanda babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar kasafin kuɗi daga gwamnati. Takarda da biro da ƙudurin zuciya sun isa.

Na ɗaya, duk makarantar da ta ɗauki yaro saboda wasa ta rubuta yarjejeniya da Hausa da Turanci, mai ɗauke da abin da ta ɗauke wa iyaye, da tsawon lokacin, da sharuɗɗan da yaron zai cika. Shugaban makaranta da uba ko mariƙi da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Na biyu, a sa a cikin yarjejeniyar cewa rauni ko ja da baya a wasa ba zai soke tallafin ba har yaron ya kammala matakin karatun da aka ɗauke shi a kai. Za a iya ajiye shi a benci, wannan ikon koci ne. Kujerarsa ta aji kuwa tana nan.

Na uku, a ƙayyade mafi ƙarancin halartar aji da mafi ƙarancin sakamakon jarrabawa da ɗan wasa zai samu kafin ya sa rigar makaranta, a karanta wa 'yan wasa a farkon kowace shekara, kuma a yi aiki da shi a kan kyaftin kamar yadda za a yi a kan ɗan benci. Hukunci ya bi mataki: gargaɗi, kiran iyaye, dakatarwa daga wasa, sannan sallama idan ta zama dole.

Na huɗu, kada a cire sunan kowa daga tallafi sai an ba iyayensa dalili a rubuce, an kuma saurare shi a gaban kwamitin mutum uku da babu koci ko malamin wasanni a ciki. Abin da aka tattauna ya tsaya a ɗakin. Ga sauran ɗalibai ya isa a ce musu an bi ƙa'ida, kuma za su yarda idan sun san ƙa'idar tana nan.

Na biyar, kowane malamin aji ya ɗauki alhakin bin sawun ɗalibin da ya ɓace. Kada a rubuta "ya tafi" a rajista. A rubuta ranar da ya daina zuwa, da wanda aka tuntuɓa a gidansu, da makarantar da ya koma idan ya koma. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma babban abin da ake kuka da shi shi ne yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin takaici ne a ce muna fita ƙauyuka neman yaran da za mu shigar, alhali waɗanda ke hannunmu suna zurarewa ta ƙofar filin wasa.

Iyaye, kalma guda gare ku. Idan aka zo neman ɗanku, ku tambayi takarda, ku kawo ta wurin malamin da kuka amince da shi ya karanta muku. Tambaya ba rashin godiya ba ce. Ku adana takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya, kada ku yarda a sauya masa shekara ko da wata guda, domin ƙaryar da aka yi masa yana ɗan 14 ita za ta biyo shi yana ɗan 24. Ku kuma riƙa duba littattafansa kamar yadda kuke zuwa kallon wasansa. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili, idan ya yi sa'a, shekara goma ce zuwa goma sha biyar, sauran shekarun kuwa da abin da ya koya a aji zai yi su.

'Yan'uwana malamai, ina roƙon wannan reshe ya kafa ƙaramin kwamiti na malaman wasanni da shugabannin makarantu, ya tsara samfurin yarjejeniyar da na ambata, a kawo shi taronmu na gaba, mu miƙa wa ofishin ilimi na shiyya da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kafin nan, ina roƙon kowannenmu, idan ya koma makaranta ranar Litinin, ya buɗe jerin 'yan wasan bara ya kwatanta da na bana. Duk sunan da bai gani ba, ya tambayi inda mai shi yake, kuma kada ya daina tambaya sai an ba shi amsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, Ya shirya mana namu.